Rigimar kifin salmon a Amurka: wa zai fitar da kallinsa daga ruwa?



Wanda ya taɓa zama bakin tabki ko bakin gulbi ya san abin da ake nufi da rufe ruwa. Kifi ya yi ƙaranci, ko lokacin ƙwansa ya zo, sai sarkin ruwa ko ma'aikatan gandun daji su ce kowa ya fitar da kallinsa har ranar da za a buɗe. Kun kuma san gardamar da ke biyo baya. Wa ya rufe? Da shawarar wa? Don mi wane yana kamu, ni an hana ni?

To, irin wannan gardama ba ta bar ƙasashen masu arziki ba. Yau za mu kai ku nesa, can arewa maso yammacin Amurka, jihar da ake kira Washinton. Kada ku haɗa ta da birnin Washinton inda shugaban ƙasarsu yake zaune. Suna ne ya zo ɗaya, amma tsakaninsu akwai sama da kilomita dubu 3. Jihar tana bakin tekun Fasifik, tana iyaka da Kanada. Ƙasa ce ta ruwan sama da manyan itatuwa da duwatsu masu ƙanƙara bisa kai. Wani babban lungun teku ya kutsa cikinta, ana ce mishi Puget Sound, gulabe da yawa suna zuba a ciki. Can ne aka shafe fiye da shekara 100 ana ja-in-ja a kan kifi guda mai suna salmon. Waɗanda suka yi lakkol sun san shi da sunan somon.

Halin kifin

Sai kun san halin wannan kifi sannan za ku gane rigimar. Ana ƙyanƙyashe shi cikin ƴar korama mai ruwan sanyi. Uwar takan tona rami cikin tsakuwa da wutsiyarta, ta zuba ƙwai dubbai, namiji ya zuba ruwansa a kai, ta rufe. Ɗiyan in sun yi ɗan ƙarfi sai su bi ruwa su gangara teku. Can suke girma, wasu shekara 2, wasu 3, wasu har 5. In lokacin haihuwa ya yi sai su juyo gida. Kowanne yana neman koramar da aka ƙyanƙyashe shi, kuma masana sun gano da ƙanshin ruwa yake gane ta. Yana haurawa, ruwa yana turo shi baya, yana tsallake duwatsu, ba ya cin kome a hanya. Ya isa, ya yi ƙwai, ya mutu. Gawarsa ta zama taki ga korama da itatuwan bakinta.

Iri 5 ne a wannan yanki. Babbansu ana ce mishi cinuk, yakan kai kilo 10, wani ya wuce 20. Akwai kuma koho, wanda bai kai shi girma ba. Waɗannan biyu ne aka fi faɗa a kansu.

Ku riƙe abu biyu. Kifin nan sau ɗaya yake haihuwa a rayuwarsa. Wanda aka kama kafin ya isa gida, ƙwansa duka ya tafi, kamar manomin da ya cinye irinsa kafin shuka. Sannan yana bi ta hannun mutane da yawa. Manyan jirage suna tare shi a teku, masu fatsa suna tare shi kusa da gaɓa, mai kalli a gulbi shi ne na ƙarshe. In kifi ya yi kaɗan, na ƙarshen nan ake fara nuna wa yatsa, don shi ido ke gani.

Masu ƙasa da takardar 1854

Kafin Turawa su zo, ƙasar tana da mutanenta, ƙabilu da yawa, kowace da wuraren kamunta: Nisqually, Puyallup, Lummi, Makah da sauransu. Turawa suna ce musu Indiyawa, ko da yake babu abin da ya haɗa su da ƙasar Indiya. Mu za mu ce musu ƴan asalin ƙasa. Yadda hatsi yake gare mu, haka salmon yake gare su. Suna gasa shi, suna yin bandarsa su ajiye don lokacin sanyi, suna ciniki da shi. Kifin farko na shekara ba a sayar da shi. Akan yi taro a raba shi kowa ya ɗanɗana, a mai da ƙashinsa cikin ruwa da girmamawa. Har yanzu ƙabilu da dama suna yin wannan al'ada.

A shekarun 1854 da 1855 gwamnan yankin, Isaac Stevens, ya zagaya yana ƙulla yarjejeniya da shugabannin ƙabilu. Ta farko an yi ta ran 26 ga Disamba 1854, a wani wuri da ake kira Medicine Creek. Ƙabilun suka bar wa Amurka ƙasa sama da hekta dubu 900. Aka yi musu alkawarin dala dubu 32 da 500, aka ware musu ƴan ƙananan filaye su zauna. An yi maganar da wani harshen kasuwa mai kalmomi ƴan ɗaruruwa, wanda ya isa cinikin fata amma bai isa cinikin ƙasa ba. Duk da haka akwai abin da dattawan suka tsaya a kai, aka kuwa rubuta shi: za su ci gaba da kamun kifi a duk wuraren da suka saba, tare da sauran mutanen yankin. Gwamna bai ga asara a nan ba. Turawa kaɗan ne a lokacin, kifi ya fi ƙarfin kowa, kuma mutanen da ke ci da kansu ba za su nemi gwamnati ta ciyar da su ba.

Sai zamani ya juya. Daga shekarun 1870 aka kafa ma'aikatun saka kifi cikin gwangwani. Baƙi suka kwararo da manyan tarkuna, daga baya da jirage masu inji. Aka sare daji, aka datse gulabe, kifi ya fara ja da baya. A 1889 yankin ya zama jiha, jiha kuma ta shiga kafa dokoki: lokacin buɗewa, lokacin rufewa, irin kayan kamun da aka yarda da su. Aka hana saka kalli a gulabe, wai don kare kifi. Ku duba fa: jiragen teku suna nan suna ɗiba, doka ta faɗa kan wanda ke bakin gulbi.

Tun 1905 kotun ƙoli ta Amurka ta faɗi wata magana mai nauyi a shari'ar ƙabilar Yakama. Ta ce haƙƙin kamun kifi ba kyauta ce da Amurka ta yi wa ƴan asalin ƙasa ba. Abinsu ne tun kaka da kakanni. Sun ba da ƙasa, sun riƙe shi. Amma hukuncin ya zauna cikin takarda, masu gadin ruwa na jiha suka ci gaba da aikinsu.

Kamu da kaso

Akwai wani ɗan ƙabilar Nisqually, Billy Frank ƙarami, an haife shi a 1931. A 1945, yana da shekara 14, aka fara kama shi da kalli a gulbin kakanninsa. Kafin a gama, an kama shi fiye da sau 50. A ƙwace kwale-kwale, a yanka kalli, a kai mutum kaso. Ya fito, ya ari wani kalli, ya koma ruwa. Cikin shekarun 1960 sai suka sake dabara. Maimakon fita da dare a ɓoye, sai su fita da rana tsaka, su kira ƴan jarida, su jefa kalli gaban kowa, su jira a zo a kama su. Mata suna ciki, tsofaffi da yara suna ciki. A 1964 wani shahararren ɗan wasan silima, Marlon Brando, ya shiga jirginsu a gulbin Puyallup, aka kama shi, labari ya bazu duniya.

Ran 9 ga Satumba 1970 ƴan sanda da masu gadin ruwa suka faɗa wa wani sansanin masunta a bakin gulbin Puyallup, cikin garin Tacoma, da kulake da hayaƙi mai sa hawaye. Aka kama mutum wajen 60. Cikin waɗanda hayaƙin ya sama har da babban lauyan gwamnatin tarayya na yankin, wanda ya zo ganin abin da ke faruwa. Bayan kwana 9 gwamnatin tarayya ta kai jihar Washinton ƙara a madadin ƙabilun. Ita ce ta sa hannu a takardar 1854, kuma a tsarin Amurka irin wannan yarjejeniya ta fi dokar jiha ƙarfi.

Hukuncin alƙali Boldt

Shari'a ta faɗa hannun wani dattijon alƙali, George Boldt. An san shi da tsanani, ba mai goyon bayan ƴan zanga-zanga ba ne. Fiye da shekara 3 maganar tana gabansa. Ya saurari masana kifi da masana tarihi, ya saurari tsofaffin ƙabilu suna faɗin abin da suka ji daga bakin iyayensu. Abin da ya fito fili ya ba mutane da yawa kunya: waɗanda ake zargi da ƙarar da kifi, abin da suke kamawa bai wuce kashi 5 cikin 100 na kamun jihar ba.

Duk shari'ar ta rataya a kan ƴar kalmar nan ta "tare da". Jiha ta ce ma'anarta ɗan asalin ƙasa ya yi kamu kamar kowa, ƙarƙashin dokar jiha kamar kowa. Alƙali ya buɗe ƙamus na zamanin da aka rubuta takardar, ya ga a lokacin kalmar tana nufin rabo daidai wa daida. Ran 12 ga Fabrairu 1974 ya yanke hukunci. Da farko a cire kifin da za a bari ya wuce ya yi ƙwai. Wannan shi ne iri, ba na kowa ba ne. Abin da ya rage a raba biyu, rabi ga ƙabilun da ke cikin yarjejeniya, rabi ga sauran jama'a. Ya ƙara da wani abu wanda a ganinmu ya fi rabon nauyi. Ƙabilu su riƙa kula da masuntansu da kansu, su yi dokokinsu, su ɗauki masanansu. Jiha ba ta da ikon rufe musu ruwa sai ta nuna hujjar cewa irin kifin ne ke cikin haɗari, kuma sai ta fara rage kamun sauran mutane tukuna.

Gari ya ɗauki zafi. Masunta Turawa suka yi mutum-mutumin alƙalin suka rataye shi a bainar jama'a, suka riƙa fita kamu da gangan a ranakun da aka hana. Kada mu yi musu rashin adalci. Da yawa cikinsu talakawa ne, sun ci bashi sun sayi jirgi da izinin jiha, wasu sana'ar gado ce gare su, rana ɗaya aka ce kusan rabin abin da suka saba ɗiba ba nasu ba ne. Akwai waɗanda suka sayar da jirgi suka bar sana'a. Laifin na jihar da ta yi ta sayar da takardun izini a kan kifin da ba nata ita kaɗai ba ne. Kotunan jiha suka ƙi bin hukuncin, har a 1977 Boldt ya karɓe ragamar kamun ya riƙe a hannun kotunsa. Sai a watan Yuli 1979 kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin.

Yadda ake ƙirga, yadda ake rufewa

Da aka gaji da zuwa kotu, daga tsakiyar shekarun 1980 jiha da ƙabilu suka koma zama tare kowace shekara. Ƙabilu 20 ne ke cikin hukumar kamun kifi ta ƴan asalin ƙasa da aka kafa bayan hukuncin. Billy Frank ya shugabance ta fiye da shekara 30, har rasuwarsa a 2014. A watannin Maris da Afrilu masanan ɓangarorin biyu sukan kawo ƙiyasinsu: kifi nawa ake sa ran zai dawo kowane gulbi, nawa za a bari iri, nawa ya rage a raba. Daga nan ake yanka ranakun kamu, wuri-wuri.

Ga inda wahala take. A teku kifin gulabe duka a gauraye yake tafiya, kamar garkunan da suka haɗu a mashaya. Mai kamu ba ya iya bambanta na gulbi mai albarka da na gulbin da kifinsa ya kusa ƙarewa. Tun 1999 gwamnatin tarayya ta sa cinuk na Puget Sound cikin jerin halittun da ake tsoron ɓacewarsu. Saboda haka gulbi mafi rauni shi ke yanke wa kowa hukunci. Akwai wani mai suna Stillaguamish wanda cinuk ɗinsa ya ragu ƙwarai. Don kare shi akan rufe ko a gajarta kamu a wurare masu nisa, ko da ruwan cike yake da kifin wasu gulabe. Ƙabilar wannan gulbi ita kanta ta bar kamun cinuk na sayarwa tun shekarun 1980.

An gina gidajen ƙyanƙyasar kifi da yawa, na jiha da na ƙabilu, ana sakin ɗiyan kifi miliyoyi kowace shekara. Kafin a sake su akan yanke musu wata ƴar tsoka mai kama da fiffike kusa da wutsiya, kamar yadda makiyayi ke yi wa dabba shaida a kunne. A wurare da yawa, mai fatsa in ya kama mai shaida ya tafi da shi gida, in ya kama na daji ya sake shi.

A nan sabuwar gardama ta taso. Masu fatsa yawancinsu don nishaɗi suke kamu, amma masu hayar jirgi da masu shago da yawa suna ci daga gare su. Suna cewa su suna sakin kifin daji, kalli kuwa ba ya tambaya, abin da ya shiga ya shiga. Suna kuma ƙorafin cewa zaman jiha da ƙabilu a ɗaki rufe ake yin sa, su sai dai su ji sakamako. Ƙabilu suna amsa cewa kifin da aka sake ma wani kashi nasa yana mutuwa, kuma duk kifin da suka sayar yana da takarda, na masu fatsa kuwa ƙiyasi ake yi. Zaman kuma na hukuma da hukuma ne, jiha ce wakiliyar masu fatsa a ciki. Maganar ɗaki rufe, a ganinmu, tana da ƙamshin gaskiya, don mutum ya fi haƙuri da rufewar da ya ga lissafinta da idonsa. Zargin cewa kallin ƙabilu ne ya ƙarar da kifi kuwa, lissafin da aka yi gaban Boldt ya riga ya amsa shi.

A 2014 da 2015 ruwan teku ya yi ɗumi fiye da yadda aka saba, abincin kifi ya ragu, aka yi ƙiyasin koho kaɗan ne zai dawo a 2016. A watan Afrilu na shekarar aka tashi zama ba a shirya ba, karo na farko cikin shekara wajen 30. Babu yarjejeniya, babu izinin gwamnatin tarayya. Ran 1 ga Mayu aka rufe kamun salmon na masu fatsa a Puget Sound. Wasu ƙabilu suka nemi izini daban, suka samu na ɗan taƙaitaccen kamu, masu fatsa suka fito da alluna suna zanga-zanga. Sai ƙarshen Mayu aka shirya, aka buɗe a watan Yuni, kowane ɓangare ya rage kamun koho sosai.

Wa ya kashe kifin?

Ruwa ba ya tsami banza. Tun shekarun 1980 an rage kamu ƙwarai, na kowa da kowa, amma kifin daji bai farfaɗo ba a yawancin gulabe. Ashe babbar cutar tana tudu. A gabashin jihar, madatsar Grand Coulee da aka gama a farkon shekarun 1940 bisa gulbin Columbia, tsawonta mita 168, ba a yi mata matakalar kifi ba. Daga nan salmon ya yanke a duk saman gulbin. Masu katako sun sare itatuwan bakin korama, inuwa ta tafi, ruwa ya yi zafi, laka ta rufe tsakuwar ƙwai. Manoma ma suna da hannu: sun ja ruwa don ban-ruwa, sun yi wa gulabe ganuwa don su samu fili, fadamun da ɗiyan kifi ke fakewa suka bushe. Akwai wasu dabbobin teku masu ɗan kama da ayu, amma su kifi suke ci. Doka ta hana kashe su tun 1972, sun yawaita, suna tare bakin gulabe. A 2020 kuma masana a jami'ar jihar suka gano wani magani da ake sawa cikin tayar mota. Taya tana cinyewa bisa hanya, ruwan sama ya wanke ƙurar zuwa korama, koho ya shiga ya mutu kafin ya yi ƙwai.

Ƙabilu suka ce, mi amfanin rabin abin da babu? A 2001 guda 21 cikinsu suka koma kotu tare da gwamnatin tarayya, wannan karon a kan kwalbati, wato bututun da ake sawa ƙarƙashin hanyar mota don korama ta wuce. In ya yi ƙanƙanta, ko bakinsa ya rataya sama da ruwa, kifi ba ya iya haurawa. Hujjarsu ita ce wanda ya yi alkawarin kifi ba ya da ikon toshe hanyar kifi. A 2013 alƙali ya umurci jiha ta gyara ɗaruruwan kwalbati, mafi muhimmanci kafin 2030. Jiha ta ɗaukaka ƙara har kotun ƙoli. A 2018 alƙalai suka rabu 4 da 4, don haka hukuncin farko ya tsaya. Aikin yana cin dala miliyar da dama. Abin lura, kifin da zai ƙaru sabili da wannan gyara, rabinsa na waɗanda suka fito da alluna ne.

Gulbin Elwha

Ga labarin wata rufewa da ta sha bamban da ta 2016. Elwha gulbi ne mai tsawon kilomita wajen 70. A 1913 aka gama mishi madatsa don wutar lantarki, kilomita 8 kacal daga teku, ba matakalar kifi, ko da yake dokar jiha ta ce a yi. A 1927 aka ƙara ta biyu. Kifi ya maƙale cikin kilomita 8 ɗin nan yana ta raguwa. Ƙabilar Klallam da ke zaune bakin gulbin ta yi shekaru tana neman a rushe madatsun. A 1992 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar gyara gulbin. An fara rushewa a Satumba 2011, aka gama a 2014.

Daga 2011 aka rufe kamu a gulbin, ga kowa. Ƙabilar da jiha da hukumar gandun daji ta ƙasa su suka shirya rufewar tare. Da farko shekara 5 aka ce. Da wa'adi ya cika, masanan ƙabilar da na gwamnati suka ƙirga, suka ga kifin bai isa ba, aka ƙara lokaci, aka sake ƙarawa. Yaron da aka haifa shekarar rufewa ya kai shekara 12 bai ga ubansa ya fito da kifi daga gulbin ba. Ana cikin haka salmon ya fara haurawa wuraren da ya shekara 100 bai shiga ba.

A watan Oktoba 2023 ƙabilar ta buɗe ɗan kamu na ci da na al'ada, ban da sayarwa. Koho kaɗai aka yarda a kama, aka kuma yanka iyaka: kifi 400 ga ƙabilar duka. Kamun sayarwa da na masu fatsa an bar su rufe a wannan shekara.